Farautar taurari a bayan Samaru da katako biyu da batirin mashin

Mai son ɗaukar hoton taurari a ƙasar Hausa lokacinsa ƙanƙani ne. Da damina hadari ke rufe sama, da hunturu kuma hazo. Abin da ya rage shi ne 'yan makonnin kaka, daga ɗaukewar ruwa a watan Oktoba zuwa kafin iska ta kwaso ƙura, a cikinsu ma sai ƙarshen watan Musulunci, daga wajen 27 ga wata zuwa 2 ko 3 ga sabo, lokacin da babu farin wata. Da na ga kwanakin sun zo daidai ban tsaya dogon tunani ba, na bar wa yarona wani hoton suna da aka ba ni, na nufi Zariya wurin ɗan kawuna da ke koyarwa a Samaru. Kano ta yi haske da yawa, ko an ɗauke wuta janareta da fitilun sola ba sa barin mutum ya ga komai.

Na hau mota a Unguwa Uku da hantsi, jakata a kan cinya, don ban yarda a danna ta a but tare da buhunan mutane ba. Muka bi ta Kura ana ta shanyar shinkafa a gefen titi, muka wuce Kwanar Dangora da Tashar Yari, wajen kilomita 150, kafin azahar na sauka a Kwangila. Abin da ke cikin jakar ba wani abin alfahari ba ne: tsohuwar kyamarar Canon ta hannu da nake aikin biki da ita, idon kyamara mai milimita 50, ƙafar kyamara, rimot mai saita lokaci, da fawabank mai lamba 20,000. Babu madubin hangen nesa. 'Yan ƙananan nan da ake sayarwa a manyan kantuna da hoton duniyoyi a jikin kwali, ni dai a ganina asarar kuɗi ne, ƙafarsu rawa take ko tari ka yi kusa da ita.

Matsalar farko da mai wannan harka ke cin karo da ita ba duhu ba ne, juyawar duniya ce. Sama na tafiya digiri 15 a kowace awa. Idan ka bar kyamara a buɗe ta daɗe, taurari sai su fito zare-zare. Masu abin suna da wani lissafi na kusan-kusan: a raba 500 da tsawon idon kyamara. Irin tawa mai ƙaramin faranti, wato inda haske ke sauka a cikin kyamara, sai an ninka 50 ɗin da 1.6, ya zama 80, ka ga daƙiƙa 6 ke nan kacal kafin tauraro ya fara ja. Daƙiƙa 6 kuwa ba ta tara hasken kirki. Na'urar da ke bin taurari da kanta akwai ta, amma kuɗinta da na shigo da ita ya fi na kyamarar tawa. Don haka muka wuce Sabon Gari neman kafinta ya haɗa mana ta katako.

Dabarar ta wani mutumin Sikotilan ce, George Haig, wanda ya bayyana ta a 1975. Katako biyu ne a haɗa su da fatar ƙofa, a huda na ƙasa a zura doguwar ƙusa mai zare, tana juyawa tana ɗaga na sama a hankali, kyamara na zaune a kai. Duk sirrin yana wurin awo. Ƙusa mai kauri milimita 6, kowane zagaye ɗaya tana hawa milimita 1. Idan ramin ya yi nisan milimita 229 daga tsakiyar fatar, kuma aka riƙa juya ƙusar sau ɗaya a minti, katakon zai ɗaga daidai da tafiyar sama.

Kafintan dattijo ne, fensir a maƙale a kunne. Ya saurare ni har na gama, ya juya takardar da na zana sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, wannan ƙofar ta ina za ta shiga?" Na ce, "Baba, ba ta shiga ko'ina, sama za ta kalla." Bai sake tambaya ba. Ya ajiye tef ɗinsa ya aiko yaro ya aro masa rula ta ƙarfe, ya auna, ya sa alama da bakin ƙusa maimakon fensir don kada layin ya yi kauri, ya sake aunawa. Fata uku ya gwada yana girgiza su kusa da kunne kafin ya zaɓi wadda ba ta da lilo, ya ce sauran na kejin kaji ne. Sannan da kansa ya kawo shawarar a yanka zagayayyen falanki a kafa a gindin ƙusar, a raba shi gida goma sha biyu, yadda mai juyawa zai riƙa bin tsinken agogo. Wannan ba ya cikin zanena, kuma shi ya fi komai amfani a daren.

Daga nan sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi cin tunanina tun daga Kano. Batirin kyamarata ƙarami ne, bolt 7.4, bai kai wat 7 na awa guda ba. A wurin biki yana kai ni yamma saboda ƙyaf-ƙyaf ake yi, amma idan kyamara na buɗe minti bayan minti, ga sanyin dare, ba ya zuwa ko'ina. Maganinsa batirin bogi: kwanson batir ne mai wayar da ke fitowa waje, da 'yar na'ura mai ɗaga bolt 5 na fawabank zuwa wajen 8. Sai dai a lura da abu biyu. Kafar fawabank ɗin ta kasance mai ba da amfiya 2, in ba haka ba kyamara za ta mutu daidai lokacin da madubinta ya ɗaga. Kuma wasu fawabank ɗin suna kashe kansu idan suka ji abin da ake ja ya yi kaɗan.

Lambar 20,000 da ke jikinsa ma tana ruɗin mutane. A bolt 3.7 aka ƙirga ta, wato wat 74 na awa, kuma wajen ɗaga wutar wani kaso na tafiya a zafi, abin da zai iso hannunka da wuya ya haura 60. Muka zauna a bencin wani mai gyaran rediyo muka yi lissafi a bayan kwalin sabulu, kamar mai awon gari kafin a ɗora tukunya. Kyamara wajen wat 3 zuwa 4. Abin ɗumama idon kyamara don korar raɓa wajen 5. Mu ce 9, a awa bakwai ya zama 63. Fawabank shi kaɗai zai ƙare ana tsaka da aiki. Sai ɗan kawuna ya kawo batirin mashin ɗinsa na ajiya, bolt 12, amfiya 7, wato 84 a takarda, amma irin wannan batir mai ruwan dalma idan kana son ya yi rai kada ka sha fiye da rabinsa. Ya ishi abin ɗumamawa, muka bar wa kyamara fawabank.

Mai gyaran ya haɗa mana cajar mota a kan batirin don ta sauke 12 zuwa 5, ya sa fiyus dab da kan ja, ya gwada da mita kafin ya bari mu jona komai. Ya so ya sayar mana da ƙaramar inbata, na ƙi. A ɗaga wuta zuwa 220 sannan caja ta sake sauke ta, ɓarna ce sau biyu. Kwamfuta kuwa a gida muka bar ta, don mai cin wat 40 za ta shanye wannan batir tas cikin awa biyu. Akwai masu sa wa katakon ƙaramin inji ya riƙa juya ƙusar, ba ya cin wuta sosai, amma mu muna da ƙanin ɗan kawuna, ɗan sakandare mai son ganin ƙwaƙwaf, ga agogon hannu mai tsinke.

Bayan la'asar muka ɗaure kaya a mashin biyu muka bi hanyar Sakkwato, muka wuce ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, muka saki kwalta muka shiga burji zuwa wani ƙauye inda surukin kawuna ke da gona. Wani ƙaramin jirgi na makarantar koyon tuƙin jirgin sama yana ta shawagi a kanmu. Zamanin nan ba a zuwa bayan gari da dare da kayan ƙarfe da jar fitila haka kawai, kuma ban ba kowa shawarar ya yi nisa da gari ba. Gidan mai unguwa muka fara sauka. Na ce, "Ranka ya daɗe, hoton taurari muka zo ɗauka, a masussukar bayan gidan Malam za mu kwana." Ya yi dariya ya ce shekarunsa duk bai taɓa jin baƙon da ya zo don wannan ba, ya aika aka gaya wa 'yan sintiri, ya kuma ce a kai mana tabarma da tuwon masara miyar kuka.

Mun kafa kaya tun da sauran haske, wannan wajibi ne, don neman noti a cikin ciyawa da dare ba aikin mai hankali ba ne. Ƙafar kyamara muka danne ta da jakar ƙasa. Bayan isha'i aka shiga saiti. Dole tsinin fatar ƙofar ya kalli tauraron arewa, fatar tana hagu idan ka fuskanci arewa, ƙusar tana dama. A Zariya wannan tauraro digiri 11 kawai yake sama da ƙasa, daidai da matsayin garin daga tsakiyar duniya, wato tsayin dunƙulen hannu ɗaya idan ka miƙe shi. Bishiyar ɗorawa guda ta isa ta ɓoye maka shi, sai da muka ja kayan gefe. Kwanson biro muka ɗaure a jikin fatar da salatif, na durƙusa ina leƙe ta ciki har tauraron ya zauna a tsakiya. Hasken Zariya na can kudu maso gabas, ja-ja a gindin sama, arewa kuwa baƙi ƙirin.

Saitin gani da hannu ake yi: ka nemi tauraro mai haske, ka ƙara girmansa a allo sau goma, ka murza har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, ka manne zoben da salatif. Daga nan ka kashe allon, don shi ne ɓarawon batir. Na sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a 1600, na ɗan tsuke idon zuwa 2.8, hoto kuma RAW, wato ɗanye wanda kyamara ba ta tace ba, kowanne minti ɗaya. Tocila mun rufe ta da jar leda, saboda ido na buƙatar wajen minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske ɗaya kuma ya mayar da kai farko.

Wajen ƙarfe goma Andoromeda, wani gungun taurari mai nisan gaske, ta hau can sama ta arewa. Da ido wani ɗan dusu-dusu ne, sai ka kalli gefensa ma kake ganinsa. Yaron nan ya zauna a turmi, agogo a gwiwa, duk daƙiƙa 5 ya matsa gida ɗaya da ɗan yatsa, ba ya ko numfashin kirki. Hoton farko da ya fito, ga ta nan doguwa mai farin ciki, taurarin kewaye ɗigo-ɗigo ba ja. Na ce masa hasken nan shekara miliyan 2.5 ya yi a hanya. Ya ce, "Yaya, kuma ni na tare shi?" Duk minti goma sai mun mayar da ƙusar baya mun sake farawa, domin miƙaƙƙiya ce, tana yin nisa lissafin na kaucewa.

Raɓa ta sauko bayan sha biyu, ta jiƙa tabarma da jaka. Nan batirin mashin ya biya kuɗinsa, don idon kyamara bai yi gumi ba ko kaɗan. Fawabank na cusa shi cikin safa na rataye a ƙafar kyamara, sanyin ƙasa na rage masa ƙarfi. Wani tsoho cikin 'yan sintiri ya zo ya tsuguna wurinmu da gorarsa, ya nuna Kaza da 'ya'yanta a tsakar ka, ya ce shi yana yaro yakan ƙirga bakwai, yanzu huɗu yake gani. Na juya kyamara can na nuna masa allo, taurari sun fi a ƙirga, ya daɗe yana kallo yana salati. Jerin taurarin da ake kira Oriyon kuwa mun jira shi har wajen biyu da rabi, ya fita daga hasken gari, sannan muka ɗauki gajimaren da ke ƙasan taurari ukun nan masu jere, inda sababbin taurari ke haihuwa, nisan da haske ke yi wa tafiyar shekara sama da 1,300. Can kudu tauraron Suhailu ya fito yana walƙiya a saman karan dawa. Kafin kiran assalatu na rufe idon kyamara da murfi na ɗauki baƙaƙen hotuna da saiti iri ɗaya, waɗanda ake cire ƙurar zafin faranti da su. Fawabank na kan ɗigo ɗaya, batirin mashin kuma mita ta nuna 12.1.

Washegari a Samaru muka jona batirin a faifan sola na gidan, muka zuba hotunan a Siril, manhaja ce ta kyauta da ke ɗora su kan juna ta tace hasken. Tsohuwar kwamfutar ɗan kawuna ta yi ta huci har la'asar. Kusan kashi ɗaya cikin uku mun zubar, na lokacin da hannun yaron ya gaji ko iska ta taɓa. Sauran sun ba da gajimaren Oriyon ja-ja mai ruwan hoda, da shuɗin hayaƙi kewaye da Kaza. Taurarin kusurwa sun ɗan baje, wannan halin idon kyamara mai araha ne.

Tsakiyar gungun taurarin da duniyarmu ke ciki, wadda ta fi ko'ina cika, ba ta daɗewa a kaka, tana faɗuwa bayan isha'i. Sai wajen Afrilu da asuba, idan ruwan farko ya wanke ƙura. Kafin na hau motar Kano na biya Sabon Gari na nuna wa kafinta hoton a waya, na kuma bar masa sallahun ya nemo mai walda da zai lanƙwasa mana doguwar ƙusa daidai da zagayen milimita 229, don a daina tsayawa duk minti goma. Ya ce in turo kuɗin ƙarfe tukuna.