Asabar, ranar kwashe fayafai

Aikin yau shi ne kwashe tsofaffin fayafan waƙa biyu masu gudun 78, wato juyi 78 a minti ɗaya, zuwa kwamfuta. Wankin fayafan ya cinye safiyar. Irin waɗannan fayafai da shalak ake yinsu, wani ƙaro da ake samu daga jikin wani ƙwaro a Indiya, kuma sifirit na narkar da shi nan take. Saboda haka ruwan batir kawai, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwanuka, da burushi mai laushi ana bin layin faifan a zagaye. Kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Na jingine su a inuwa har azahar, don shalak mai laima yana kumbura.

Na farko shi ne "Earth Angel" na ƙungiyar The Penguins, kamfanin Dootone na Dootsie Williams, 1954. Da na ɗora shi sai shuuu kamar ana soya gyaɗa. Laifin allura ne. Ta fayafan 45 da 33 bakinta kashi 0.7 ne cikin dubu na inci, shi kuwa layin 78 yana son mai kashi 2.5 zuwa 3. Siririyar tana nutsewa har gindin layi inda babu komai sai ƙura da tsohon rauni. Da aka sauya ta, muryar Cleve Duncan ta fito fes.

A garejin mota aka ɗauki waƙar nan a Los Anjelas, kuma kunne na jin haka: fiyano na can baya, ganga a danne, muryoyi huɗu a cunkushe. Tsarin duwap ke nan, jagora a gaba, mai siririyar murya a sama, mai kauri a ƙasa yana yin aikin da babban molo zai yi, sauran na cike tsakiya da amshi marar ma'ana. Tun asali ma ita ce bayan faifan, masu gabatarwa a rediyo ne suka juya shi. Sai Crew-Cuts, farar fata 'yan Kanada, suka maimaita ta a kamfanin Mercury, yadda suka yi wa waƙar ƙungiyar The Chords a 1954. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da ya biyo baya. Manajan Penguins, Buck Ram, ya kai su Mercury, ya ce sai an haɗa da wata ƙungiyarsa da ba a san ta sosai ba, wato The Platters. Waɗanda aka karɓa a matsayin gyara su ne suka yi tashe daga 1955, Penguins kuwa ba su sake samun waƙa mai irin wannan kasuwa ba.

Bayan la'asar na koma 1928, "West End Blues" na mai busa kakaki Luwis Amstirong, kamfanin OKeh, Cikago, Earl Hines a fiyano. Nan matsalar daban ce. Na'urar ƙara sauti ta zamani tana bin ma'aunin daidaita sautin faifai da ake kira RIAA, wanda aka tsayar a 1954, tana rage siririn sauti tana ƙara mai kauri. Faifan 1928 ba a yanka shi da wannan ma'auni ba, shi ya sa kakakin ya fito kamar an rufe shi da bargo. A manhajar gyaran sauti ta Audacity na warware ma'aunin, sannan na ɗaga kaurin kaɗan da kunne. Wanda injinsa ba shi da gudun 78 zai iya ɗauka a 45 ya ninka saurin sau 1.74, amma ya fara warware ma'aunin tukuna, in ba haka ba gyaran zai faɗa inda bai dace ba.

Faifai mai inci 10 minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe, kuma cikin wannan ƙunci Amstirong ya kashe kusan daƙiƙa 15 na farko yana busa shi kaɗai, ba kiɗa a bayansa. Ƙas-ƙas ɗin da ke wurin da hannu na cire su ɗaya bayan ɗaya, domin matacin kwamfuta yana ɗaukar kaifin bakin kakaki a matsayin datti ya aske shi. Magariba ta same ni ban kai ga ɗaya gefen ba.