Rowar N5,000 ta sa na sha rana a Durɓi Takusheyi

Wai ni da aka yanke wa cibiya a Ƙofar Marusa zan biya wani yaro N5,000 ya nuna mini Durɓi Takusheyi, tsohuwar maƙabartar sarakunan Katsina? Amsar da na ba abokina ke nan da ya turo mini tallar wasu samari masu kai mutane yawon ƙafa na yini guda. Na ce Google Maps ya ishe ni.

Ranar Asabar na shiga motar Mani, na sauka inda wayar ta nuna, na kama turba da robar ruwa ɗaya tak. A watan Afrilu fa! Kafin ƙarfe 11 sabis ya ɗauke, ruwa ya ƙare, takalmi ya saɓule mini dunduniya. Abin da har yau ke ƙona mini rai, sau biyu ina wuce wani tudun ƙasa, har na zauna gefensa ina cire ƙaya. Ni gini nake hange, mai kama da Hasumiyar Gobarau. Sai ga wani dattijo da awakinsa.

"Ɗana, me ka ɓatar?"

"Baba, kusheyin sarakuna nake nema."

Ya miƙa sanda: "To ai ga shi ka jingina da ɗaya."

Bayan wata biyu na haɗiye girman kai na biya. Mun fita bayan sallar asuba, ɗan jagoran ya fara kai mu muka gaida manyan gari, abin da bai ko zo mini a rai ba. A bakinsa na ji cewa Palmer, wani Baturen mulkin mallaka, ya haƙa wurin a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake tonawa a 1992. Tudun da na jingina da shi ya daina zama tarin ƙasa kawai a idona. Kuma a wannan zamani, mutumin da ya san hanyar da ake bi da wadda ake kauce wa ya ci kuɗinsa.

Cikin birni dai ba zan biya kowa ya zaga da ni ganuwa ba, ƙafata ta san Ƙofar Guga. Amma da zarar za a bar kwalta, ka biya, ka kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da mota da ruwa. Dubu biyar ɗin da na yi wa rowa, mai babur da mai kemis sun karɓi fiye da ita a ranar, tabon kuma yana nan a dunduniyata.