Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Lissafin Kawu

A makon jiya na tsaya ne a ranar da bizata ta zuwa karatu Ingila ta fito. Daren da zan bar Kaduna, gidanmu na Tudun Wada ya cika kamar ana suna. Bayan sallar isha'i Kawu, ƙanin Umma, ya kira ni kan tabarmarsa, ya zaro biro daga aljihun gaba, ya juya bayan takardar kuɗin wuta.

"Awa nawa ka ce suka yarda ɗalibi ya yi aiki?"

"Ashirin a mako, Kawu, in ana karatu."

"Awa ɗayan nawa ake biya?"

"Fam 10.42 ne mafi ƙaranci."

Ya duƙa yana bugawa. Watan Satumba ne na 2023, fam ya kusa naira 1,200 a hannun 'yan canji. Da ya ɗago, fuskarsa ta cika da fara'a. "Yaya, ɗanki zai riƙa ɗaukar miliyan guda duk wata!" A lokacin albashi mafi ƙanƙanta a Najeriya naira 30,000 ne, don haka mata suka ɗau guɗa. Ban ga laifin Kawu ba, har yau ma ban gani ba. Lissafinsa daidai ne, abin da zai shigo kawai ya duba. Ni ma da na ga fam 833 a takardar nan sai na ji hankalina ya kwanta, na manta cewa filin marigayi Baba na Rigasa muka sayar kafin mu tara fam 12,006 da dokar biza ta ce sai sun kwana 28 a asusu, wato kuɗin zama a Landan, fam 1,334 na kowane wata har wata tara. Da na yi tunani, wannan adadin kaɗai ya isa ya gaya min tsadar garin da zan je.

Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja. Kilishin da Umma ta saya min na bar wa ƙannena, don ba a shiga Ingila da nama daga ƙasarmu. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji kuwa sun bi ni.

Ɗakin da na samu a Barking, gabashin Landan, in na miƙe hannuwa biyu ina taɓa bango da bango. Gado ne, sai ƙaramin kabad, sai taga mai kallon bayan wani gida. Fam 650 a wata. Kafin a miƙo min makulli sai da na biya wata ɗaya, na ɗora kuɗin ajiya na mako biyar, fam 750. Fam 1,400 suka fita ban ko kwance jaka ba. Na zauna bakin gadon na buɗe waya na mayar da su naira, sai na ji cikina ya juya.

Mu shida ne a gidan, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya, kowa da layinsa guda a firiji. Mitar wuta da ta gas na kati ne, muna haɗa kuɗi. Da sanyi ya kama, rana ta fara faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sai na gane ɗumi ma sayensa ake yi. Nakan kwanta da rigar sanyi biyu da safa, in tuna hunturun Kaduna da muke kewaye wuta a ƙofar gida muna cewa sanyi ya yi yawa.

Abinci ya ba ni mamaki ta wata fuskar. Shinkafa, ƙwai, burodi da madara ba su da tsada a shagunan Lidl ko Aldi, da yamma kuma wasu shagunan kan karya farashin kayan da kwanansu ya kusa ƙarewa. Abincin gida ne ke cin kuɗi. Ranar da na je unguwar Peckham a kudancin Landan na ɗaga doya guda, mai shago ya ɗora a sikeli ya faɗi kuɗinta, na mayar da ita a hankali na sayi garin semo. Kukar Umma ce ta riƙe ni har Disamba, da cokali nake aunawa.

Aikin da Kawu ya lissafa kuwa sai da na yi mako bakwai ina nema. Na samu a wani ɗakin ajiyar kaya, ɗauka da jerawa. Bas a Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi, kati ake dangwalawa, fam 1.75 a lokacin, kuma in ka canza wata motar cikin awa ɗaya ba a sake caja. Saboda haka na haƙura da jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina fita da duhun asuba in hau bas biyu.

Albashin farko bai kwana uku ba Kawu ya kira a WhatsApp, Umma na gefensa. Ana shirin bikin 'yarsa, an raba wa kowa abin da zai kawo, nawa kason gado da katifa ne.

Na ce, "Kawu, Allah Ya ƙara girma, don Allah a ɗauko biron nan. Cikin awa tamanin da nake yi, sittin da biyu na mai gida ne. Sauran goma sha takwas ɗin, a ciki zan hau mota, in sa wa mita kati, in ci abinci."

Ya yi shiru. Ina jin kukan akuyar maƙwabta da ƙarar Keke Napep a layinmu. Can ya ce, "To, Allah Ya rufa asiri," ya miƙa wa Umma wayar.

Ita ba ta tambayi fam ba. "Me ka ci yau?"

"Tuwon semo da miyar kuka, Umma."

"Da nama?"

Ban amsa ba. Ta ce kada in kuskura in turo ko sisi, za ta san yadda za ta yi da maganar katifa. Sai daga baya na ji cewa 'yan kunnenta na zinare ta kai kasuwa.

Duk wannan kuma ban taɓo ragowar kuɗin makaranta ba, wanda za a biya a Janairun 2024, daidai lokacin da naira ta sake zubewa. A nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.