Kwalba uku daga gona ɗaya

Karatun ilimin ƙasar noma ne ya kawo ni Bordo, a kudu maso yammacin Faransa. A gidanmu na Wusasa, ruwan inabi abu ne da na fi sani a coci da cikin Littafi Mai Tsarki, ban taɓa zama na ɗanɗana shi da natsuwa ba. Shi ya sa da wani abokin aikina ɗan yankin Medok, kusa da Bordo, ya ce mu zo cin abincin dare, zai buɗe kwalba uku daga gona ɗaya, ta 2003 da ta 2010 da ta 2013, na amsa ina tambayar kaina wane bambanci za a samu tunda ƙasa ɗaya ce, iri ɗaya, manomi ɗaya.

Inabin da ya fi yawa a cikinsu shi ne Cabernet Sauvignon, mu ce kabarne a taƙaice, sai ɗan marlo, wani irin inabin, da aka haɗa kamar yadda aka saba a Medok. Ƙwayar kabarne ƙanana ce, ɓawonsa da kauri, kuma yana da jinkirin nuna, sai ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ake girbe shi. Wannan jinkirin ne ke sa yanayin shekara ya yi masa tasiri sosai. A ɓawon nan baurinsa yake, irin wanda ke kama dasashi in ka tauna goro.

Ni aka ɗora wa nama, nan kuma na yi kuskure. Na gasa tsire na barbaɗe shi da yajin da aka aiko mini daga gida. Kowa ya yaba, amma da muka kurɓi kofin farko, duka ukun suka zama abu guda a baki, zafi da ɗaci kawai. Barkono yana tayar da bauri, yana kuma ƙara zafin barasa. Maigidan bai ce komai ba, ya kawo burodi da ruwa, muka jira ƙafar ɗan rago da ya sa a murhu da gishiri da tafarnuwa kaɗai. Sai a lokacin muka fara da gaske.

Ya rufe kwalaben da takarda don kada shekara ta ruɗe mu, ya jera wa kowa kofi uku. Na farko jansa ya soma komawa launin jan ƙasa a gefe, yana ƙamshin busasshen dabino da jemammiyar fata, laushi a baki, tsami kaɗan. Na biyu duhu ne sosai, ƙamshinsa kamar ɗinya nunanniya da ɗan itacen gangar da aka ajiye shi a ciki, ya kama mini harshe ya ƙi saki. Na uku ya fi su haske, ba nauyi, da wani ƙamshi na ɗanyen tattasai.

Matar gidan ta gane su tun kafin a cire takarda, kuma da labarin yanayi ta gane su. Na farko na 2003 ne, shekarar da zafin watan Agusta ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa. Inabi ya nuna da wuri, wani ya ƙone a jikin reshe, tsaminsa ya faɗi, shi ya sa ya tsufa da sauri. Na biyu na 2010, shekara mai ƙarancin ruwa, rana da hasken kirki, dare da sanyi, ƙwaya ta ƙanƙance ɓawo ya yi kauri. Na uku na 2013, shekarar da manoman Bordo ba sa son tunawa: sanyi da ruwa suka ɓata fure, ƙanƙara ta faɗi a wasu yankuna, ga danshi a ƙarshen Satumba da ya kawo ruɓa, dole aka girbe kafin kabarne ya gama nuna. Ƙamshin tattasan nan shaidar hakan ce.

Akwai abokinmu ɗan Maraɗi a teburin, Musulmi ne, zoɓonsa yake sha yana sauraro. Ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ai wannan hirar tsofaffinmu ce a bakin rumbu. Su ma da damina suke ƙirga shekara." Maganarsa ta kai ni gida. Babana in ya damƙi dawa a hannu yakan faɗa maka ko ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Abin da ya burge ni a nan shi ne an samu hanyar ajiye damina guda a kwalba, har bayan shekara ashirin mutum ya buɗe ya ji ta a harshe.

A takarda 2010 ce sarauniya, ita ce mafi tsada. Amma kwalbar 2013 ce ta fara ƙarewa, don ita ta fi tafiya da naman ragon, ba ta danne shi ba. Tun daga ranar na daina raina shekarar da aka yi wa mummunan suna, musamman in manomin ya tsaya ya tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi da hannu.

Na kuma koyi ƙananan abubuwa. Tsohuwar kwalba a tsayar da ita kwana ɗaya don gurɓin ya kwanta a ƙasa, a zuba a hankali, a kuma lallaɓa toshiyarta, don ta 2003 ta farfashe mana. Kada ruwan ya yi ɗumi, tsakanin digiri 16 zuwa 18 ya isa. A zuba kaɗan, a riƙa komawa kan kowane kofi, domin cikin awa guda suna canzawa: na 2003 ya dushe, na 2010 kuwa sai buɗewa yake yi.

Kusan rabin kwalbar 2010 ya rage, maigidan ya toshe ya ba ni. Washegari da yamma na zuba kaɗan na ci da sauran naman. Baurin ya sauka, ƙamshin ɗinyar ya fito fili, har da wani abu kamar fensir da aka fiƙe wanda ban ji ba a daren jiya. Na kira maigidan na gaya masa, ya ce yana da sauran kwalba biyu na shekarar, ba zai taɓa su ba sai 2030.