Aikin da na yi a cikin makaranta ina ɗalibi

A cikin abokan karatuna a Jami'ar Bayero, da wuya ka samu wanda ba ya taɓa wata sana'a. Wani gyaran waya yake yi a Farm Centre, wata tana sayar da humra da turaren wuta a ɗakin kwanan ɗalibai mata, wani kuma yana koyarwa a Islamiyya bayan la'asar. Ni na gwada kasuwa, na kuma gwada aiki a cikin makaranta, kuma har gobe na cikin makarantar nake zaɓa wa ɗalibi, ko da kuɗinsa bai kai ba.

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi ya kai ni Kantin Kwari, shagon kawuna. Na koyi auna yadi, na koyi ninke shadda, na samu alheri sosai. Da aka koma karatu sai lissafi ya ƙi. Kasuwa tana ci ne daga hantsi zuwa la'asar, daidai lokacin lacca, ga shi daga Kwari zuwa sabuwar jami'a da ke hanyar Gwarzo sai ka ratsa gari ka sha cunkoson Kabuga. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya fara cinye abin da nake samu. Kawu da kansa ya kira ni ya ce, "Ɗana, kasuwa ba ta son rabin mutum. Je ka gama karatunka, shago yana nan."

Daga nan na samu aiki a wani shagon fotokwafi da buga takardu a cikin makaranta. Ranar farko na miƙa wa mai shagon jadawalin laccocina na ce, "Maigida, ga lokutan da ba zan samu zama ba." Ya duba, ya manna shi a bango kusa da firinta, shi ke nan magana ta ƙare. Idan ina da lacca ƙarfe goma, goma saura kwata nake tashi in taka da ƙafa, in an fito in dawo. Ba kuɗin mota, ba makara.

Aikin yana da nasa wuyar. Da hunturu ƙura ce ke damun injin, sai mun lulluɓe shi da tsohon zani kafin mu rufe shago. In takarda ta maƙale, ka buɗe gefen injin, ciki da zafi kamar tanda, ka kama ta da hannu biyu ka ja a hankali, domin in ta yage guntun ya zauna ciki, aikin ranar ya tsaya. Lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke miƙa kundin bincikensu kuwa ba a magana. Layi har waje, kowa da filashinsa a hannu, an ɗauke wuta janareto yana ruri, wani malaminsa ya dawo masa da babi na biyu cike da jan biro yana roƙon a gyara kafin azahar. A wannan hayaniyar na iya buga rubutu da sauri, na iya tsara shafi da teburin bayanai, har ya zama da lokacin nawa kundin ya zo ban biya kowa ko sisi ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne batun amana. Kwamfutar shagon cike take da binciken mutane. Wata rana wani ya zo ya raɗa mini cewa in ba shi kundin wani da ya gama, ya canja suna, zai ba ni kuɗi masu kauri. Na ƙi, na kuma gaya wa maigida. Tun daga ranar ya kafa doka: duk wanda aka gama wa aiki, a goge fayil ɗinsa a gaban idonsa.

Wanda zai kama irin wannan aiki, ya yi maganar jarrabawa tun kafin ya fara. Makonnin jarrabawa su ne kakar shagon fotokwafi, kowa na neman tsofaffin tambayoyi da takardun lacca, kuma a lokacin ne kai ma ka fi buƙatar karatu. Mu mun yi yarjejeniya tun farko cewa mako biyu kafin jarrabawa ina ajiye aiki, ƙanen maigida ya riƙe wurina. Haka ma maganar albashi, nawa ne kuma yaushe, a faɗe ta a fili. Kunya tana hana yaranmu tambaya, daga baya a zo ana jin haushin juna.

A ƙasashen da aikin ɗalibi a cikin makaranta ya zauna, hukuma ce ke tsara shi. Amurka tana da shirin gwamnatin tarayya na aiki tare da karatu tun 1964, kuma ɗalibin da ya je daga waje ba a yarda ya wuce awa 20 a mako yana aiki ba muddin ana cikin zangon karatu. Wannan iyaka tana da hikima, don wanda ya wuni a tsaye ba ya iya buɗe littafi da dare. A nan gida, Jami'ar Bayero ta sanar a 2023, bayan ƙarin kuɗin rajista, cewa tana ɗaukar ɗalibai wasu ayyuka tana biyan su naira 15,000 a wata. Na ji daɗin wannan mataki ƙwarai, kuma ina fata sauran manyan makarantun Kano su bi sahu. Laburare, ɗakunan kwamfuta, ofisoshin sassa, duk akwai aikin da ɗalibi zai iya. Bashin karatu na asusun gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara bayarwa a 2024, mai naira 20,000 a wata na kashewa, ya taimaki mutane da yawa, amma bashi ne, za a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Kuɗin gumi ba mai bin ka.

'Yan'uwanmu mata ma sun fi samun sauƙi ta nan. Uban da ba zai bar 'yarsa ta je kasuwa ba, sau da yawa yakan amince in an ce aikin a laburaren makaranta ne, ana tashi kafin magariba.

Ba a cika shelanta irin waɗannan gurabe da ƙarfi ba. Mai nema ya riƙa leƙa ofishin kula da harkokin ɗalibai, ya riƙa duba allon sanarwa na sashensu, ya kuma zagaya shagunan cikin makaranta a makon farko na zango, lokacin rajista, don a lokacin ne suka fi neman hannu.