Abin da na koya a gindin tumfafiya game da launin ƙwari

A ajin nazarin ƙwari aka fara nuna mana cewa launin jikin ƙwaro iri biyu ne: na ɓuya da na shela. Na ɓuya ba ya bukatar dogon bayani, kowa ya san farar da ta saje da ciyawa. Na shelar ne ya tsaya mini a rai. Me zai sa halitta mai taushin jiki ta yi ado da ja da baƙi da ruwan ɗorawa, ta zauna a fili tsuntsaye na shawagi a kanta? Tambayar ta dami masanin halittu Charles Darwin kansa, har a 1867 ya kai ta wajen takwaransa Alfred Russel Wallace. Wallace ya ce masa tsutsa mai ɗaci na bukatar alamar da tsuntsu zai gane ta da ita tun daga nesa, domin sara ɗaya ya isa ya kashe ta ko da bai haɗiye ta ba.

A aikin fili na ga abin ido da ido, a jikin tumfafiya. Akwai tsutsar malam-buɗe-littafin da masana ke kira Danaus chrysippus, mai zanen baƙi da fari da rawaya. Tun tana ƙarama takan gatsa ganyen ta zagaye wani ɗan wuri, ta bar farin ruwan nan mai danƙo ya tsiyaye, sannan ta ci na tsakiya. Ruwan yana ɗauke da dafin da ke taɓa zuciya, ita kuwa tana ajiye wani ɓangare nasa a jikinta. Farar tumfafiya ma haka take yi, shi ya sa ba ta shiga kaskon suya tare da sauran fari.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne, launin nan ba ya aiki sai da ƙwaƙwalwar tsuntsu. A shekarun 1960 masanin ƙwari Lincoln Brower ya ba wasu tsuntsaye a Amurka ɗan'uwan wannan malam-buɗe-littafi da ya tashi a kan ganye mai dafi. Suka ci, suka yi amai, daga nan suka daina kusantar mai irin launin. Ke nan kowane sabon tsuntsu sai ya kashe ko ya raunata wasu kafin ya haddace. Waɗanda suka rage suna cin arzikin waɗanda aka sara. Abin yana taɓa ni duk lokacin da na ga fiffike mai shatar baki a jikinsa. Da wannan lissafi Fritz Müller ya bayyana a 1878 dalilin da ya sa jinsuna masu dafi ke ɗaukar kama ɗaya: suna raba asarar ne a tsakaninsu. Kafin shi, a 1862, Henry Walter Bates ya bayyana masu cin bulus, marasa dafi da ke sanye da rigar masu dafi. Muna da su a nan: macen malam-buɗe-littafin da ake kira Hypolimnas misippus ta kwaikwayi Danaus chrysippus, alhali namijinta baƙi ne mai fararen ɗigo.

Ɓangaren gadon halitta ya koya mini haƙuri da bin abu daki-daki. Dafin tumfafiya da danginta yana toshe famfon da ke musayar sodiyam da fotasiyam a ƙwayoyin jiki. Malam-buɗe-littafin Amurkan nan yana jure dafin ne don yana da sauyi uku a ƙwayar gadon da ke gina famfon. A 2019 masu bincike suka dasa sauye-sauyen uku a jikin ƙudan 'ya'yan itace ta hanyar CRISPR, wata dabarar sauya ƙwayoyin gado: ƙudajen suka jure dafin, har suka riƙe shi zuwa girma, amma jijiyoyinsu suka yi rauni, girgiza kaɗan sai su sandare na ɗan lokaci. Kariyar da tsadarta take zuwa.

Abin da nake so ɗalibanmu su sa wa ido shi ne bambancin kama. A ƙa'ida gargaɗi ya fi tasiri idan iri ɗaya ne ko'ina, amma Danaus chrysippus na Afirka ta Yamma fikafikansa na baya farare ne, wani na gabashin nahiyar kuma ba shi da baƙin nan na bakin fiffike. Kirga waɗannan kamanni daga Kano zuwa Damagaram aiki ne da ɗalibi zai iya yi da raga, littafin rubutu da kyamarar waya.