Rubutun suna ya kai mu Abuja

Sanyin Jos na watan Janairu ba ya raga wa tsoho. Muna idar da sallar asuba a Anguwan Rogo na ɗauki jakar Baffa, shi kuma ya rungume tsohon fayil ɗinsa a ƙirji, muka nufi tasha. Wata uku ke nan fanshonsa bai shigo ba. Da muka bi diddigi aka ce mana a BVN, lambar shaidarsa ta banki, an rubuta Mohammed, a NIN, lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa, kuma Muhammadu, kwamfuta ta ɗauke shi mutum biyu, ta tsayar da kuɗin. Mun yi ta kiran lambar da aka ba mu ba a ɗagawa, mun tura imel, shiru. Baffa ya ce, "Ɗana, zuwa da kai ya fi aike."

Mun wuce Bukuru gari bai gama wayewa ba, duwatsun Riyom suka ɓullo cikin hazo. A gangaren Hawan Kibo kowa ya yi tsit sai salati, ga tireloli na saukowa a hankali, warin birki ya cika hanci. Muna sauka daga kan tudu iska ta sauya, Baffa ya cire rigar sanyi, bakinsa kuma ya buɗe.

Ma'aikacin gidan waya ne tun zamanin P&T, kafin a raba ɓangaren tarho da na wasiƙa a 1985. Ya ce a lokacinsu takardar ƙarin girma sai ta je Legas ta dawo, wani lokaci damina biyu kana jira, in fayil ya ɓace kuwa aikinka na shekaru ya bi ruwa. Bayan ya yi ritaya, akwai shekarar da aka kira su tantancewa, ya kwana uku a kan kwali a bakin wani ofishi. A gabansa wani abokin aikinsa ya yanke jiki ya faɗi a layi. Ya ba ni wannan labari muna shan shayi a Akwanga, bai ɗaga murya ba, amma hannunsa na rawa a kan kofin.

Daga Akwanga zuwa Keffi tagwayen hanya ce, mota ta samu sakewa. Daga Masaka zuwa Mararraba da Nyanya kuwa sai haƙuri. Nan ne dubban ƙananan ma'aikatan gwamnati ke zaune, domin hayar cikin birni ta fi ƙarfin albashinsu. Sai wajen sha ɗaya muka sauka a shataletalen AYA a Abuja, muka ɗauki tasi.

Abin da na tarar a ofishin fansho ya bambanta da abin da Baffa ya siffanta mini. Akwai kujeru, akwai takardar lamba da ake ba kowa a ƙofa, ga allo yana nuna wanda aka zo kansa. Ba wanda ya ce mu ba shi na goro. Sai dai muna zama aka ce sabis ya ɗauke, muka yi awa biyu muna kallon ma'aikata suna kallon kwamfutocinsu. Da ya dawo aka kira mu wurin wata matashiyar ma'aikaciya. Ta ce, "Baba, sannu da hanya. Daga ina?" Da ta ji Jos sai ta girgiza kai. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karanta babban yatsansa, tsufa ya shafe zanen, sai ta ɗauki hoton fuskarsa, ta duba takardar rantsuwar kotu da muka zo da ita, ta shigar da gyaran. Ban jin an kai minti goma sha biyar. Fayil ɗin da ya rungumo tun daga gida ko buɗe shi ba a yi ba.

Ni ba na cikin masu zagin waɗannan tsare-tsare. Tun da aka fara biyan albashi ta IPPIS, tsarin kwamfuta na biyan ma'aikatan tarayya, a 2007, Babban Banki ya kawo BVN a 2014, an toshe ƙofofin sata da yawa. A farkon 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cire sunayen bogi sama da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi, kuma BVN ce ta tona su. Tsaurin da ya kama ɓarawo shi ne ya kama Baffa, na yarda da hakan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, gyaran minti goma sha biyar ya ci wa ɗan shekara saba'in da takwas tafiyar awa biyar da kuɗin mota da kwanan baƙunta. Bayanan suna cikin intanet, ana iya buɗe su daga Jos kamar yadda aka buɗe su a Abuja. Mutum ɗaya da zai ɗaga waya, ko teburi ɗaya a kowace jiha da aka ba ikon gyara suna, da ya wadatar.

Muna fitowa muka haɗu da wata dattijuwa daga Gombe da jikanta, fanshon marigayi mijinta take bi, ita kuma ranar haihuwa ce ta saɓa. Ba ta zo da takardar kotu ba, ba wanda ya gaya mata. Baffa ya zaunar da yaron, ya karɓi birona, ya rubuta masa abin da za su nema ɗaya bayan ɗaya da kyakkyawan rubutunsa na gidan waya.

Mun kwana a Nyanya wurin wani ɗan'uwa, washegari muka kamo hanya. Kwana goma sha ɗaya bayan nan Baffa ya kira ni da hantsi, ya ce saƙon banki ya shigo, na wata ukun gaba ɗaya. Sannan ya tambaye ni ko na karɓi lambar yaron nan na Gombe, yana so ya ji yadda suka ƙare.